Tutar Takarda a Hannun Yaro: Jawabi ga Iyaye da Malaman Makarantar Lahadi na Ƙasar Haɗeja

   

Abin da ya tara mu yau ƙaramin abu ne a ido, amma ya jawo gardama a wasu ikkilisiyoyinmu. Maganar ita ce ko yaranmu za su ci gaba da zagayawa da ganye a hannu ranar Lahadin Ganyen Dabino. Wasu iyaye sun ce a bari, gama mu kaɗan ne, kada a jawo ido. Wasu matasa kuwa sun ce a ƙara, a ɗinka manyan tutoci, a fita titi domin a san muna nan. A wata ikkilisiyar ƙauye mun ga yarinya ta karɓi ganyenta a ƙofa, nan take ta cusa shi cikin mayafi har aka tashi sujada. Ba wanda ya ce ta ɓoye. A fuskar manya ta karanta. Wannan ya dame mu ƙwarai.

Kafin mu yanke shawara, bari mu duba wata jama'a da ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaman marasa rinjaye, mu ga abin da ta sa a hannun 'ya'yanta. Muna nufin Yahudawa. Ba siyasar Gabas ta Tsakiya muka zo yi ba, tarihi ne za mu koya daga ciki.

Yahudawa sun raba littattafan Musa guda biyar, wato Attaura, kashi 54, suna karantawa kowace Asabar a majami'a har shekara ta zagayo. Ranar da suka sauke sai su yi biki mai suna Simhat Tora, ma'anarsa farin ciki da Attaura. Yana zuwa ne daidai ƙarshen Idin Bukkoki, cikin watan Satumba ko Oktoba, lokacin da mu a nan muke cikin kaka. A ranar sukan karanta ƙarshen Maimaitawar Shari'a, nan take kuma su koma Farawa sura 1, domin a nuna karatun Maganar Allah ba ya ƙarewa. Manya sukan ɗauko naɗaɗɗun littattafan su zagaya cikin majami'a sau bakwai da waƙa da rawa. To, yaro ba zai iya ɗaukar littafin ba, gama yana da nauyi, yana kuma da tsada. Sai aka ba shi tuta ta takarda a bisa ɗan sanda, ya shiga sahu tare da ubansa.

Tun yaushe ake wannan? Rubutu mafi daɗewa da masana suka sani a kai shi ne dokokin da Yahudawan da suka fito daga Folan suka kafa wa kansu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarar 1672. Abin da ya dami dattawansu shi ne kyandir ɗin da yara suke kunnawa a kan tutocin, don gudun gobara. A 1748 kuma wani malamin Kirista Bajamushe, Johann Bodenschatz, ya rubuta abin da ya gani na al'adun Yahudawan ƙasarsu, ya ambaci yara riƙe da tutoci masu sunayen kabilun Isra'ila. A Gabashin Turai akan soke tuffa a kan sandan, a dasa kyandir a cikinta. Bayan an tashi, yaro ya cinye tuffarsa.

Sunayen kabilun nan suna mai da mu ga Littafin Ƙidaya sura 2. A can Ubangiji ya umarta Isra'ilawa su yi zango kowa kusa da tutarsa, kewaye da alfarwa ta sujada: Yahuza a gabas, Ra'ubainu a kudu, Ifraimu a yamma, Dan a arewa. Ku lura, alfarwar ce a tsakiya. Tuta ba ita ce abin kallo ba, aikinta shi ne ta nuna wa mutum inda gidansa yake da inda zai fuskanta.

Me ake zanawa a tutocin yaran? A ƙarni na 19 masu buga littattafai a birane irin su Vilna da Warsaw sukan buga su da araha. A tsakiya akan zana akwatin ajiye Attaura, wani lokaci da 'yan ƙofofi na takarda waɗanda yaro zai buɗe ya ga littattafan a ciki. Akan sa Musa da Haruna, da Dawuda da garayarsa. Akan kuma sa zaki da barewa da gaggafa da damisa, domin wata tsohuwar koyarwar malamansu ta ɗauki halin dabbobin nan huɗu, wato ƙarfi da sauri da sauƙin tashi da ƙarfin hali, ta ce haka ya kamata mutum ya zama wajen yin nufin Allah. Yaron da bai iya karatu ba tukuna, ga wa'azi cikakke a hannunsa.

Amma akwai gargaɗi a cikin tarihin. Da zamani ya juya, zanen ya juya. A farkon ƙarni na 20 hoton Theodor Herzl, jagoran neman ƙasar Yahudawa, ya fara bayyana a wasu tutocin. Bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948, da kuma bayan yaƙin 1967, aka buga waɗansu da hotunan sojoji da shugabannin yaƙi. Yaro bai zaɓi ko ɗaya ba. Abin da ke zuciyar babba shi ne ake mannawa a sandan yaro. In tsoro ne a zuciyarmu, tsoro za su riƙe. In fushi ne, fushi za su riƙe.

Mu a wannan ƙasa ba baƙin tuta ba ne. Kowa ya san sarautar Fulani ta Haɗeja ta samo asali ne daga tutar da aka karɓo daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. Kowace shekara kuma muna ganin 'yan Islamiyya ranar Mauludi da sababbin kaya da tutocinsu, iyayensu na tsaye a bakin hanya suna murna. Maƙwabtanmu sun gane abin da Yahudawa suka gane: yaro yana riƙe addini da hannu kafin ya riƙe shi da kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma muna da namu gādon. Yohanna sura 12 ta gaya mana taro ya tarye Yesu da rassan dabino. Matiyu sura 21 ta ƙara da cewa yara suka yi ta yabonsa a cikin Haikali, manyan firistoci suka ji haushi, shi kuwa bai hana yaran ba. Wajen shekara ta 380 da 'yan kai, wata mai ziyara daga yammacin Turai, Egeria, ta rubuta yadda masu bi na Urushalima suke gangarowa daga Dutsen Zaitun a wannan Lahadi, yara duka da rassan dabino ko na zaitun, har waɗanda ba su iya tafiya ba iyaye na ɗauke da su a kafaɗa. Shekara fiye da 1,600 ke nan. Haka kuma tutar 'yan Birged ɗinmu, ƙungiyar da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, tana ɗauke da anka, ƙarfen nan da ke riƙe jirgin ruwa, daga Ibraniyawa sura 6. Mutumin fadama da ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ke riƙe kwalekwale kada ruwa ya tafi da shi. Amma yara nawa ne cikin masu maci da tutar nan aka taɓa gaya musu ma'anarta?

Saboda haka ga shawararmu, kashi huɗu.

Na ɗaya, kada a karɓe ganye daga hannun yara. In babu dabino kusa, ga kaba ta cika fadama. Wanda yake saƙa tabarma da faifai da ita duk shekara zai iya yanko wa yaran ikkilisiya dami ɗaya.

Na biyu, a yi zagayen a cikin majami'a da harabarta. Zagaye bakwai ɗin nan na Yahudawa kewaye da wurin karatun littafi ake yinsa, ba don a tsone wa kowa ido ba. Inda aka saba fita waje lafiya, a sanar da mai unguwa ko dagaci da jami'an tsaro tun da wuri, a kauce wa lokacin salla, a bi hanyar da aka yarda. Dattawan Amsterdam sun kula da wutar kyandir don kada murna ta zama kuka. Ku matasa, 'ya'yanmu, mun ji zafin zuciyarku, amma dattawa sun ga abin da ba ku gani ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Na uku, mu kafa ranar saukar karatu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma yara nawa ne suka taɓa ganin iyayensu suna murna domin an gama karanta littafi guda a cikinsa? Kowace makarantar Lahadi ta zaɓi Bishara ɗaya. Markus sura 16 ce kawai. A raba ta cikin shekara, a sauke lokacin godiyar kaka, a ranar kuma a buɗe sura ta 1 ta Bisharar da za a shiga.

Na huɗu, yaran su yi tutocinsu da hannunsu. Ba sai an je Kano an bugo ba. Karan dawa, takardar kwali, ɗan ƙaro na manni, da alli mai launi sun isa. Yaron da ya iya ƙera motar kara zai iya tuta. Kowa ya zana abin da ya koya: kifi biyu da gurasa biyar, mai shuka, jirgi cikin hadari. Kada a sa hoton ɗan siyasa, kada a sa tutar wata ƙasa, kada a sa makami, kada a rubuta kalmar da za ta ɓata wa maƙwabci rai. Malami ya tambayi kowane yaro ma'anar zanensa a gaban iyayensa. A ƙarshe a ba su dabino ko goriba, kamar yadda waɗancan suke cin tuffarsu.

Tsofaffin tutocin Yahudawa kaɗan ne suka rage a gidajen tarihi, domin takarda ce, kwana ɗaya take yi ta yage. Amma yaran da suka riƙe su sun girma sun ba nasu 'ya'yan, a ƙasashen da sau da yawa ba a son ganinsu. Namu tutocin ma gara za ta ci, ko damina ta jiƙa su. Abin da muke roƙo shi ne yarinyar nan da ta ɓoye ganyenta ta ɗaga shi bana, ta waiwaya ta ga uwarta da ubanta suna waƙa ba tare da tsoro ba, ba kuma tare da ƙiyayyar kowa ba.

Malaman makarantar Lahadi su zauna da dattawansu kafin ƙarshen wata, kowace ikkilisiya ta kawo wa sakatare sunan Bisharar da ta zaɓa. Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu, ya ba ƙasar Haɗeja salama, mu da maƙwabtanmu duka. Amin.