Huhun da Annoba Ke Tararwa

Iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, ma'aikatan lafiya na Ƙaraye da Rogo, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku.

Ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare an rufe gari, azumi ya kama, masu haƙa kabari a birni suna cewa aiki ya yi musu yawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Yawancinsu dattawa ne masu hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙirji. Cutar guda ce, amma jikin da ta tarar ya bambanta. Wannan bambancin ne ya kawo ni gabanku da maganar sigari.

A cikin hanyoyin numfashinmu akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani. Aikinsu shara, kamar tsintsiya: suna turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro, mutum ya yi kaki ya tofar. Hayaƙin taba yana kashe musu jiki. Shi ya sa mashayi ke tashi da tari da asuba, don da dare da hayaƙi ya tsaya suka ɗan farfaɗo suka kama aiki. Cikin hayaƙin kuma akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda jini ke riƙewa fiye da yadda yake riƙe oksijin sau ɗari biyu da wani abu. To ku duba mutumin da jininsa ya riga ya yi wannan lodi, sannan cutar da ke cika huhu da ruwa ta same shi. Da me zai yi numfashi?

Wasu za su tuna an yaɗa a WhatsApp cewa sigari na kare mutum daga korona. Maganar tana da tushe, amma gurgu. Wasu likitoci a wani asibitin Faris ne suka lura mashaya ba su da yawa cikin majinyatansu, suka yi hasashen ko nikotin na da hannu. Don gudun kada mutane su ruga kantunan magani, gwamnatin Faransa ta taƙaita sayar da kayan nikotin. Ranar 11 ga Mayu, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa cewa masanan da ta tara sun duba binciken da ake da shi, sun ga mashayi ya fi fuskantar tsananin cutar. Sai dai labari mai daɗi ya fi saurin tafiya, musamman ga wanda dama yake neman hujja.

Mu a nan lissafin ya fi nauyi. A 2020, cibiyoyin killace masu cutar suna Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha. Wanda numfashi ya sarƙe masa cikin dare a wani ƙauyen Rogo da ke bakin iyakar Kaduna, sai an nemo mota, an nemo kuɗin mai, an yi tafiya mai nisa kafin a kai ga tukunyar oksijin. Ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin itace da iyayenmu mata ke shaƙa a madafi, ga tarin fuka, wanda shi ma shan taba ke ƙara haɗarin kamuwa da shi. Duk waɗannan ba a hannun mutum ɗaya gyaransu yake ba. Karan da ke tsakanin yatsunsa kuwa yana hannunsa.

Mutane sukan ce mini, "Malam, ai na daɗe ina sha, me ya rage?" Abu mai yawa ya rage. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, minti 20 bayan zuƙar ƙarshe bugun zuciya yake fara sauka. Cikin awa 12 kabon monoksaid ɗin da ke jini ta sauka zuwa daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 huhu ya fara ƙara ƙarfi, cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki su ragu, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabi. Wanda ya daina yana da shekara 40 yakan ci ribar kusan shekara 9 a kan wanda ya ci gaba, mai shekara 60 ma yakan sami kusan 3. Rai na Allah ne, babu mai ja. Amma shi ne ya umarce mu da riƙon sababi.

Ba zan ruɗe ku da cewa abu ne mai sauƙi ba. Kwana ukun farko su ne mafi wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, kwaɗayi mai tasowa kamar zai tsaga ƙirji. Amma kowace tasowa mintoci kaɗan take yi ta lafa, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu yawancin wahalar ta wuce. Tari ma kan ƙaru a farko, kada ya tsorata ku, sharar ce ta dawo.

Kuma kun riga kun gwada kanku. A azumin 2020, cikin kulle, mashayin da ke rantsuwa ba zai iya awa biyu babu kara ba ya yi daga alfijir zuwa magariba, kwana talatin ko kusan haka. Inda ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa: dabino, salla, sai a zarce teburin mai shayi. A can abokin majalisa zai miƙo, a ce kara ɗaya ne kawai. Wanda ya yi niyya ya sa rana, ya gaya wa mai ɗakinsa da abokansa, ya canja wurin zama na wata guda, ya riƙe asuwaki don baki da hannu su sami abin yi. In ya zame, ya sake ɗaura niyya, don yawancin waɗanda suka daina ba a karon farko suka dace ba. Shisha kuma ba mafaka ba ce. Ruwan tukunyar ba ya tace gubar, ga baki biyar a kan bututu ɗaya.

Iyayenmu masu riƙe da ƙasa, ga inda nake neman ku. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali. Ku zaga tashar mota da kasuwa ku ga ko akwai mai tebur ɗaya da ya san da ita. Kara ɗaya shi ne abin da kuɗin ɗan makaranta ke iya saye, shi ne kuma ke mayar da wanda ya yi sati uku yana fama. Tun 2024 Ƙaraye da Rogo ne ƙasar masarautar Ƙaraye, ƙananan hukumomi biyu kacal, kowane mai unguwa ya san masu teburin unguwarsa da sunayensu. A tara su, a karanta musu dokar da Hausa, limamai su maimaita ta a huɗuba. A kuma daina aiken yara sayo sigari, don yaron da aka aika sau goma ya san farashi, ya san wurin, kuma mai tebur ba zai tambaye shi ta wa ce ba.