LANHON AKWATI DA LANHON KAI

Jawabin da wani ɗan'uwa, malamin lakwal, ya yi wa taron reshen Korahane, ƙasar Dakoro. Mun buga shi domin a karanta wa jama'a a kowane reshe.

Ni yaro ne, da yawanku kun haife ni, sai ku yi mini gafara in na yi tuntuɓen harshe. Kwamiti ne ya ɗora mini in yi magana a kan lanho, watau abin da mutanen Najeriya ke ce wa haraji. Na ga ya fi kyau mu fara leƙa gidan waɗansu, sa'an nan mu komo namu.

A ƙasar Ingila, duk gidan da ke kallon talabijin yayin da ake watsa shiri, tilas ya yanki takardar izni kowace shekara. Tun zamanin akwatin rediyo aka fara, ana biyan sule goma. A 1946 aka haɗa da talabijin, kuɗin ya zama fam biyu. A 1971 aka yafe wa mai rediyo kaɗai. A 2025 kuwa takardar ta kai fam 174 da rabi, watau sama da jika 130 na kuɗinmu. Makaho rabi yake biya. Wanda aka kama yana kallo ba takarda, alƙali na iya cinsa tara har fam 1,000.

Na ji waɗansu suna dariya. Ai da dariya, mutum ya sayi akwatinsa da guminsa, ya ajiye a ɗakinsa, a ce kuma sai ya biya kafin ya dube shi. Amma ku dakata ku ji inda kuɗin ke zuwa. Gidan BBC ake ba. Saboda haka ne tashoshinsa na cikin Ingila ba su saka tallan 'yan kasuwa. Kuma tun 1957 akwai Sashen Hausa na BBC, wanda iyayenmu suka saba kamawa da asuba. Daga 2014 mafi yawan kuɗin tafiyar da shirye-shiryen ƙasashen waje daga wannan takarda yake fitowa. Ashe tsohuwar da ke zaune a Landan tana cikin masu biyan labarin da Bahaushe ya ji a gindin bishiya.

Faransa ta kafa irin wannan kuɗi a 1933, ta soke shi a 2022, lokacin yana yuro 138, jika 90 ke nan da 'yan kai. Jamus tun 2013 ta daina tambaya ko kana da akwati ko ba ka da shi: kowane gida ya biya, kuma a 2021 aka kai shi yuro 18 da ɗan ɗori a wata, kusan jika 12. Italiya ta gaji da bin mutane gida gida, a 2016 ta cusa kuɗin cikin takardar biyan wutar lantarki. Ku riƙe wannan dabara, za mu sake gamuwa da ita a gida.

Akwai waɗanda suka fi wannan ban mamaki. A 1698 Sarkin Rasha Bitrus ya ɗora haraji a kan gemu. Wanda ya biya a ba shi ɗan kwabon ƙarfe ya riƙa yawo da shi don shaida. Malam Liman, da kana can da ka sha biya. Ingila ta yi harajin taga daga 1696 har 1851, mutane suka riƙa toshe tagoginsu da tubali, suka zauna cikin duhu da cuta don gudun biya. Faransa ta yi na ƙofa da taga daga 1798 har 1926. A zamaninmu, Yuganda ta sa wa masu shiga Facebook da WhatsApp shilin 200 a kowace rana a 2018, ta janye a 2021 ta mai da shi kan kuɗin intanet. Labanan ta gwada sa kuɗi a kan kiran WhatsApp a watan Oktoba 2019. Jama'a suka cika tituna a daren, aka janye, kafin wata ya ƙare firayim minista Sa'ad Hariri ya ajiye aiki. Makiyaya kuma ga taku: a 2024 ƙasar Danmak ta yanke cewa daga 2030 manoma za su biya haraji a kan iskar da dabbobinsu ke fitarwa, don tana ƙara ɗumamar duniya. Jangalin gyatsa ke nan.

To, jama'a, mun yi dariya. Yanzu ina tambaya: da Bature ya ji labarin namu, wa zai yi wa wani dariya?

Mai gemu yana iya askewa ya huta. Mai taga yana iya toshewa. Kakanninmu kuwa kansu aka ƙirga, kai kuma ba a ajiye shi. A zamanin mulkin Faransa kowane baligi yana biyan lanhon kai, ko damina ta yi kyau ko fara ta cinye gero, kuma da tsabar kuɗi, abin da ya tilasta wa manomi noma gyada ko tafiya cin rani. A kan wannan ga jangali, ga aikin tilas, wanda sai a 1946 aka hana shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A yunwar 1931, a yammacin ƙasar nan, mutane na mutuwa ana bin su lanho. Garuruwa da dama sun kwashe sun ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Wanda ya biya, ba wanda ya taɓa kiransa ya karanta masa abin da aka yi da kuɗinsa.

Ba mu kaɗai ba. A Saliyo, 1898, harajin bukka ya ta da yaƙin Bai Bureh. A Aba, 1929, mata suka tashi da suka ji za a ƙirga su don haraji. A Indiya, 1930, Gandi ya taka a ƙasa har bakin teku saboda harajin gishiri. Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. A 1990 Magaret Taca ta ɗora wa mutanen Ingila haraji na kai, mai kuɗi da matalauci daidai wa daida. Suka yi bore a Landan a watan Maris, kafin ƙarshen shekara ta sauka daga mulki. Abin da suka sa muka ɗauka shekara da shekaru, su kansu ba su iya jimre shi ba.

Kada ku ce na zo yabon takardar talabijin ta Ingila. Tana da aibi irin na lanhon kai, gama attajiri da mai shara kuɗi ɗaya suke biya, kuma cikin waɗanda ake kaiwa gaban shari'a saboda ita, wajen uku cikin huɗu mata ne. Amma abu guda ya raba ta da namu na dā. Mai biya ya san nawa ya biya, ya san gidan da aka kai, ana buga lissafin kowace shekara, yana kuma da bakin cewa shirin nan bai gamshe ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Yau ina muke? A zamanin Seyni Kunce aka ɗauke wa talaka lanhon kai da gwamnatin tsakiya ke karɓa. A Kano da Kaduna, gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a 1979. Amma lanho bai mutu ba, riga ya sake. A ƙasar nan an daɗe da saka kuɗin gidan rediyo da talabijin na gwamnati cikin takardar biyan wuta, tun kafin Italiya ta yi. Da yawa sun biya shekara da shekaru ba su sani ba. Mu da galibin ƙauyukanmu ba wuta, kada mu ce mun tsira, domin mai injin niƙa da mai ƙanƙara a birni suna mai da abin da suka biya cikin farashi. Haka kuɗin kwastan, haka harajin da ke cikin sukari da sabulu da katin waya. Dā gardi ke zuwa da bulala, ka gan shi, ka san abin da ya karɓa. Yanzu kana biya a kanti kana yi wa mai kanti godiya.

Kuma an taɓa gwadawa an ga jama'a na da ƙarfi. A 2005 aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka kira a rufe kasuwanni, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka yi tsit, aka kama shugabanninsu, irin su Nuhu Arzika, amma cikin watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan ƙarin.

Ku fahimce ni da kyau. Ban ce kada a biya ba. Rijiya ba ta haƙa kanta, allon aji da alli da maganin ɗakin shan magani duk da kuɗi ake samunsu, albashina ma daga aljihunku yake fitowa. Ƙasar da ba ta iya tara kuɗinta, kullum hannunta a miƙe yake ga baƙo, kuma mai ba ka abinci shi ke gaya maka lokacin da za ka ci. Abin da nake cewa, kowane lanho a yi masa tambaya uku. Wa ya yarda da shi? Wa ke ɗaukar nauyinsa, mai garke ɗari ko mai akuya biyu? Ina kuɗin ya tafi?

Kwanan baya a wata kasuwa, ba zan faɗi sunanta ba, na ga an karɓi kuɗi hannun wata tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa, ba a ba ta ko ƙyallen takarda ba. Da na yi magana sai ita ce ta ce, "Mushe, bari, kada ka jawo mini." Tsoron nan nata shi ne gadon da mulkin mallaka ya bar mana, kuma shi ya kamata mu fara kawarwa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane reshe:

Na ɗaya, kowa ya biya kuɗin kasuwa, ko na dabba a kara, ko lanhon gunduma, ya karɓi tikiti mai lamba da hatimi, ya adana.

Na biyu, kowane reshe ya sa yaro ɗaya mai karatu ya tsaya kusa da iyayenmu mata ran kasuwa, ya karanta musu abin da aka rubuta a tikitin.

Na uku, a aika dattawa uku ofishin gunduma, cikin ladabi, su roƙi a karanta wa jama'a da Hausa abin da ya shigo bara da abin da aka yi da shi.

Na huɗu, sakatare ya rubuta amsar da aka ba su, ya aiko wa wannan takarda, domin Kornaka ta ji abin da aka gaya wa Korahane, Dakoro ta ji na Sakabal.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka.