Koyar da Yara Girki Tare da Kiyaye Lafiyarsu

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S.A.W.).

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, jawabinmu na yau a kan madafa ne da yaranmu ƙanana. A nan mun kasu biyu. Wasunmu suna korar yaro daga wurin girki har ya girma bai iya dafa ruwan zafi ba. Wasu kuwa suna barin yarinya 'yar shekara bakwai da tukunya a kan wuta, uwa tana maƙwabta. Duka biyun sakaci ne da amana.

Ya tabbata a Sahihul Bukhari daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan taya iyalinsa aikin gida. Saboda haka koyon girki ba na 'ya'ya mata kaɗai ba ne. Kuma kamar yadda aka umarce mu da fara koya wa yaro salla yana shekara 7, haka kowane aiki yake da lokacinsa.

Ɗan shekara 4 ko 5, a fara masa da wanke hannu da sabulu, da tsince wake, da zage zogale, nesa da murhu. Daga 6 zuwa 9 ya iya tankaɗe gari da wanke tumatir, amma ban da attarugu, domin zai kai hannu ido. Wuƙa da hura wuta kuwa sai ya kai wajen shekara 10, kuma babba yana tsaye a kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kimanin 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Don haka mu kiyaye waɗannan:

Na farko, kada a ajiye tafasasshen ruwa ko man suya a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

Na biyu, kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti.

Na uku, in mai ya kama da wuta, a rufe kaskon da murfi, kada a watsa ruwa. In an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana.

Na huɗu, in ƙuna ta auku, a riƙa zuba ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ko manja, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki.

Daga ƙarshe, Abu Musa (R.A.) ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci. Mu sa yaranmu su ga muna kashe garwashi kowane dare, har abin ya zame musu ɗabi'a.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kare su daga wutar duniya da ta lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.