JAWABI: AZUMI ƊAYA, AL'ADA KOWA DA TASA



Ramalana shi ne wata na 9 a lissafin Musulunci. Kwanansa 29 ne ko 30. Duk inda Musulmi yake, azumi ɗaya ne. Ana kame baki daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Amma yadda ake tashi sahur da abin da ake buɗa baki da shi, kowace ƙasa da al'adarta. Sanin wannan yana da amfani. Mutum kan je Umra ko fatauci, ya ga wasu suna yin abin da bai saba gani ba, sai ya ce sun ɓata. Alhali ba su taɓa ibada ba, al'ada ce ta bambanta.

A ƙasar Masar, yara suna yawo da 'yan fitilu masu launi, ana ce musu fanus. Idan rana ta faɗi a Alƙahira, akan buga igwa don kowa ya san an sha ruwa. Masu hali suna jera tebura a bakin titi, su zuba abinci. Talaka da baƙo duk su zauna su ci, ba a tambayar kowa ko sisi.

A Turkiyya, makaɗa ne ke bin unguwa da ganga cikin dare suna tashin mutane sahur. A birnin Istambul ana rataya fitilu tsakanin hasumiyoyin masallaci, su fitar da rubutu mai kira ga alheri.

A Maroko, da dabino da wata miya mai suna harira ake buɗa baki. Ana yin ta da tumatir da wake iri-iri da ɗan nama.

A Indunusiya, ƙasar da Musulminta suka wuce miliyan 200, akwai wani babban tambari a masallatai, sunansa bedug. Shi ake bugawa idan magariba ta yi. Suna son wani abin zaƙi da ake dafawa da ayaba da madarar kwakwa. Idan Salla ta matso, miliyoyin mutane su bar birane su koma garuruwansu don gaida iyaye da neman gafara.

A Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune, mata suna haɗa wani abin sha da dawa, ana ce masa hilu-mur. Kafin magariba, maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a bakin hanya. Kowane gida ya kawo tirensa. A yankin Jazira har tare motoci suke yi, su matsa wa matafiya sai sun sauko sun sha ruwa.

Tsawon wuni ma ba ɗaya ba ne. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kamar kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagayawa, yau rani, gobe damina, har ya dawo inda ya tashi bayan kamar shekara 33. A 2015 azumi ya zo a watannin Yuni da Yuli. Manoman ƙasar Hausa sun yi shi suna kan noma, kamar awa 14. A can arewacin Turai kuwa, irin su Norway da Sweden, wasu sun yi fiye da awa 20. Akwai garuruwan da rana ba ta faɗuwa sam a wannan lokaci. Malamai suka ba su fatawa su bi lokacin Makka, ko na gari mafi kusa da ake samun dare da rana.

A ƙasar Hausa kuma akwai kunun tsamiya da ƙosai, akwai tafsiri da asham. Idan azumi ya kai goma, yara su fara tashe. Baƙon da ya zo daga Masar shi ma zai yi mamakin tashe, kamar yadda Bahaushe zai yi mamakin igwa.

To, me za a koya? Na farko, kada a raina Musulmi don al'adarsa ta bambanta. Idan abu ya shige duhu, a tambayi malami kafin a yanke hukunci.

Na biyu, a duba abin da ƙasashen nan suka haɗu a kai, wato ciyarwa. Ba sai mai kuɗi ba. A Sudan tire ɗaya kowane gida yake kawowa, amma idan an haɗa sai ya ishi unguwa da baƙinta. Kowane ƙauye zai iya yin haka. Gida goma su fito da kwano goma a ƙofar masallaci. Maraya ya samu, almajiri ya samu, matafiyin da dare ya riska ya samu. A kuma aika wa tsohuwar da ba ta iya fitowa.

Na uku, a fitar da zakkar kono kafin a tafi idi, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari.

Allah ya karɓi ibadar kowa, ya maimaita, amin.