Jawabin ma'aikaciyar lafiya a taron mata: masassarar damina

Na san kun baro girki.

Damina ta sauka, sauro ya dawo. Ruwan da ya kwanta a ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko a sawun shanu, ya ishe shi yin ƙwai, kuma cikin kwana 10 ya tashi. Macen ce ke cizo, da dare. Saboda haka a shiga sange da wuri, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Na ga wasu sun killace lambu da nasu. To, tumatir ba ya masassara.

Abin da ya fi damuna shi ne jira. Yaro ya kwana da zafin jiki, sai a ce bari a ga gobe, a jiƙa masa sassaƙe. A Afirka, cikin mutum huɗu da zazzaɓin cizon sauro ke kashewa, kusan uku yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ciwon yana shanye jinin yaro, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. In kin ga yana fizge-fizge, ko ya ƙi nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, kada ki jira gari ya waye. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, minti 20 an gama. In an ba ki magani, kwana 3 ake sha cif, ko da ya warware ya fita wasa.

Maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake. Yana da ɗaci, na sani. A daure a ba su.

Kuma ba kowace masassara ce ta sauro ba. Masu dabbobi, ku gaya wa mazanku: kaska tana ɗauke da cutar da ke sa zubar jini, kada a murje ta da yatsa. A 2016 zazzaɓin Rift ya kashe mutane a jihar Tahoua, akasari makiyaya. In tumaki suna ɓari, kada a taɓa da hannu tsirara, a tafasa madara. Wanda ya zo asibiti da zazzaɓi bayan yanka ko fiɗa, ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi.

Mai tambaya ta ɗaga hannu.