Kafin ka biya kuɗin takarda, goga ta da yatsa

Gaisuwa ga mutanen Mai Wurno da Sennar da Sinja, da na ƙauyukan Gezira, da makiyaya da fataken da ke bin hanyar Damazin zuwa Kurmuk da Geisan.

Yau batun takarda za mu yi. Kwanan baya wani kawuna mai fataucin tumaki ya kwana biyu a wani shinge, dabbobi na cikin mota, saboda lamba ɗaya ta goge a kwafin takardar rigakafinsa. Rago biyu suka mutu kafin a sake shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane da dama kwafi kawai ya rage musu, ko hoton takarda a waya. To ka ga ai bugun takarda ba abin wasa ba ne.

Firintar leza mai launi ba ta aiki da tawada ta ruwa. Gari take amfani da shi, ana ce masa tona, kala huɗu: baƙi, shuɗi, rawaya da ja mai haske. Wani gangan ƙarfe da ake kira dram shi ke ɗaukar garin, a sauke shi kan takarda, sannan takardar ta ratsa magasa mai zafi kusan digiri 200 don garin ya narke ya kama. Kusan kowane aibi daga ɗayan waɗannan wurare yake fitowa.

Na farko, ɗan'uwa, in an miƙo maka takarda, bari ta huce, ka goga yatsa a kan rubutun. In ya bi yatsanka, magasa ba ta yi zafi ba. Wani lokaci ƙarancin wuta ne, domin wannan na'ura tana jan wuta sosai lokacin ɗumama, ƙaramin janareta ko batirin sola ba sa ɗauka. Ko kuma takardar mai kauri ce, ba a saita na'urar a kan hakan ba. Kada ka karɓa, a sake bugawa.

Na biyu, farin layi da ya sauko daga sama har ƙasa. Wannan ko tona ta kusa ƙarewa, ko ƙura ta hau gilashin da hasken leza ke bi. Mu da habub ke rufe mu, ƙura ce kan gaba. Mai shago ya kashe na'ura, ya share gilashin da busasshen ƙyalle mai laushi, ya riƙa rufe ta in an tashi aiki.

Na uku, ɗigo ko tabo mai maimaita kansa a tazara ɗaya. Abu mai juyawa ne ya ji rauni. A auna tazarar da rula: dram mai kaurin milimita 24 yakan maimaita tabo duk bayan milimita 75, mai 30 kuma bayan kimanin 94. Launin tabon zai nuna wane dram ne. Kuma in an ciro dram, kada a bar shi a rana, kada a taɓa fuskarsa da hannu.

Na huɗu, launuka sun goce, hatimi ya fito kamar yana da inuwa. Yawanci na'urar ce aka jijjiga, misali an ɗauko ta a mota daga wani gari. Akwai wurin daidaita launi a cikin saitinta, minti kaɗan yake ci. In bai gyaru ba, a duba bel ɗin da ke ɗauko launukan.

Na biyar, rubutu ya koɗe ko bayan takarda ya yi toka-toka. Da damina takarda kan sha raɓa, sai a ajiye ta a ledarta a rufe. Tonar ɗuri mara kyau ma tana jawo haka. Wasu kuma da gangan suke kunna saitin tsimin tona. Ka ce a kashe shi in takardar hukuma ce.

Masu shago, kada ku sa takardar hoto ta firintar ruwa a cikin ta leza, tana iya narkewa ta ɓata magasa. In tona ta zube a riga, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi dasa ta yake yi.

Kai kuma mai tafiya, ka karanta sunanka da lambobi da kwanan wata tun kana gaban mai shago. Ka yi kwafi biyu. Kada ka naɗe a kan lamba ko hatimi, nan garin ke fara tsagewa. Kada ka bar takarda cikin jakar roba mai laushi a gaban mota, zafi zai sa rubutun ya manne a robar. Kwafi kuwa, komai kyansa, ba ya zama asali, sai a adana asalin wuri mai kyau.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kiwo da kasuwa. Mu kwana nan.