Hayaniyar Waya da Ƙuri'ar Akwati: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

  

An ce in yi magana kan abin da ya shafi zamanmu tare, sai na zaɓi wannan wayar da ke cikin jakar kowaccenmu. Kada wata ta tsorata, ban zo yi wa wani ɗan takara talla ba. Dalilina shi ne 2027 na matsowa, kuma tun yanzu an fara turo hotuna da muryoyi a zaurenmu na WhatsApp, zauren da muka buɗe don sanar da ranar zubi da farashin gyaɗa.

Mu tuna zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023. Wadda take Kano, in ta buɗe Facebook, jar hula kawai take gani, sai ta ɗauka Kwankwaso ya riga ya shiga fadar Abuja. To a Kano ɗin ya ci, da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, amma ita kaɗai ce jihar da ya samu. Wadda 'ya'yanta ke Twitter kuwa, ce mata ake yi Peter Obi ya gama da kowa. Da INEC ta faɗi sakamako, Tinubu ya samu wajen miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi uku cikin goma ba. Kun ji fa. Duk wannan ƙurar da aka tayar a waya, mafi yawan masu rajista suna gida ranar.

Ba ina cewa maganar waya iska ce ba. Obi ya ci Legas, garin da Tinubu ya yi gwamna shekara takwas, kuma matasan da suka yi ta rubutu suna da hannu a ciki. Abin da nake nufi, wayarki ba ƙasar take nuna miki ba, mutanenki take nuna miki. Manhajar an gina ta ne ta lura da abin da kika tsaya kika kalla, gobe ta ƙaro miki irinsa. In kika tsaya kan bidiyon da ake zagin wani, jibi za ki samu guda biyar. Kamar mai talla ce da ta gane kina son ɗanwake, kullum a ƙofarki za ta sauke, har ki zaci duk unguwar ɗanwake ake ci.

Sannan akwai waɗanda sana'arsu ke nan. Mun san sojojin baka tun a rediyo, yanzu sun koma waya. Ana gab da wancan zaɓen BBC ta yi bincike ta gano jam'iyyu na biyan masu yawan mabiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Shi an biya shi. Ke da kika tura wa mutum ashirin, da katinki kika yi masa aikin, ko sannu bai ce miki ba.

Kuma mu ba baƙin jita-jita ba ne. A 2014, lokacin Ebola, cikin dare aka yi ta bugo waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wasu sai da aka kai su asibiti, wasu suka rasa ransu. A 2018 aka ce Buhari ya mutu, wani Jibrin ne daga Sudan ake nuna mana, har sai da shi da kansa ya fito a ƙasar Poland ya ce shi ne. Wancan lokacin ma ke nan. Yanzu da kwamfuta ke iya kwaikwayon muryar mutum, jin murya kaɗai ba hujja ba ce, ko da kin rantse kin san muryar.

Ga inda abin ya taɓa mu. Jarin wannan ƙungiya ba kuɗin da ke asusu ba ne kawai. Ina ba ki zubina ne don na yarda za ki kawo naki ranar kwasata. Mai ɗaukar rance tana buƙatar wadda za ta tsaya mata. To in jiya kin kira ni 'yar amshin shata a zaure, gaban mata duka, yau da wace fuska zan sa hannu a takardarki? A nan akwai Musulma, akwai Kirista, akwai waɗanda aure ya kawo su daga kudu. Saƙon da ya ce kabila kaza ko addini kaza maƙiyanmu ne, wata a cikinmu yake nufi, wadda kuke auna gero a kwano ɗaya.

Kuma ku duba, da aka canza takardun naira, muka yi ta layi a banki da wajen masu POS, ba a tambayi kowa jam'iyyarta ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota zuwa kasuwa ya hau kan wadda ta zaɓi mai ci da wadda ta zaɓi wanda ya faɗi. Ni a ganina tambayar da ta dace da mu ita ce: me ɗan takara zai yi kan rancen ƙananan sana'o'i, wutar injin markaɗe, da tsaron hanyar kasuwar ƙauye? Wannan a tattauna shi, har a yi musu, ba laifi.

Don haka ga roƙona ga shugabanni. A bar zauren ƙungiya ga harkar ƙungiya. Saƙon da ya zo da alamar an tura shi sau da yawa, ko muryar da ba a san mai ita ba, a goge, ko da daga babbar yaya ya fito, kuma kada ta ji haushi. Wadda ta ji labari ya tayar mata da hankali, ta jira ta ji ko rediyo zai faɗa da yamma. Mai katin zaɓe ta adana shi, wadda ba ta da shi ta yi magana mu raka ta in ana rajista. Wanda za ta zaɓa kuwa, tsakaninta da akwati.

Hajiya sakatariya, don Allah a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zaman wata mai zuwa, a ɗaga hannu a kai. Na ga an fara shigo da abinci, bari in tsaya nan.